Yadda Ake Shirya Wurin Shaƙatawa Domin Tarbar Jama'ar Sallah Lafiya

Duk wanda ya taɓa bi ta titin Gidan Zoo a Kano kashegarin Sallah ya san abin da ake nufi idan an ce wurin shaƙatawa ya cika. Yara ne cikin sababbin kaya, kowa da kuɗin barka da Sallah a aljihu, 'yan mata sun goyo ƙannensu, masu adaidaita sahu suna sauke wasu suna kwasar wasu, kuma mafi yawan wannan taro babu babban mutum a tare da shi. Haka abin yake a lambunan shaƙatawa na Kaduna da Zariya da Bauchi da Maraɗi. Wurin da a sauran kwanakin shekara ake iya ƙirga baƙinsa da yatsu, a cikin kwana uku ko huɗu zai karɓi jama'ar da ba a gina shi dominta ba, kuma a waɗannan kwanakin ne ake samun ribar shekara, a cikinsu ne kuma ake iya rasa sunan wurin gaba ɗaya.

Wannan bayani na manajan irin wannan wuri ne, wato lambu mai lilo da abin zamiya, da kwamin ninƙaya, da rumfunan abinci. Mutane da yawa suna ɗaukar kiyaye lafiya a matsayin kashe kuɗi, faranta wa baƙi kuma a matsayin neman kuɗi, alhali aiki ɗaya ne. Layin da ke tafiya, da ruwan da ake hango ƙasansa, da banɗaki mai ruwa, da ma'aikacin da ya san abin da zai yi, su ne ke hana haɗari, kuma su ne ke sa magidanci ya sake kawo iyalinsa baɗi.

Mataki na farko: zagayen duba haɗari

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aikin yana farawa ne kamar mako shida kafin Sallah. Manaja ya ɗauki littafi mai bango mai ƙarfi, ya fara daga bakin titi inda ake sauke mutane, ya bi duk hanyar da baƙo zai bi har ya fita. A kowane wuri ya rubuta abu huɗu: mene ne zai iya cutar da mutum a nan, wa zai iya cutarwa, me za a yi a kai, kuma wane ne da sunansa zai yi shi kafin wace rana. Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙi, domin aikin da aka ce "a gyara" ba tare da an ɗora shi a wuyan wani ba, har Sallah ta wuce yana nan.

Kada manaja ya yi zagayen shi kaɗai. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum, kuma murfin kwata da ya karye wata shida da suka wuce ya riga ya ɓace daga idon ma'aikatan da suka saba tsallake shi. A gayyato wani daga waje, zai fi kyau uwa mai ƙananan yara, a roƙe ta ta faɗi duk abin da ya tsorata ta. A wasu wuraren ma manaja ya durƙusa ya dubi wurin daga tsayin yaro ɗan shekara huɗu, zai ga ƙusa da bakin kwano da wayar wuta waɗanda ba ya gani a tsaye.

A lura kuma da lokacin da Sallar za ta faɗo, tunda tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2025 ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Maris, lokacin da zafi a Kano da Sakkwato ke kaiwa digiri 40 har ya wuce, babbar Sallah kuwa a farkon Yuni, lokacin guguwar farkon damina. Shirin bazara inuwa ne da ruwan sha, shirin damina kuwa iska ce da tsawa da santsi.

A makon da ake wannan zagaye ne kuma za a kammala takardu. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga hukumar NSITF, mai kula da asusun diyyar ma'aikata, kuma gine-ginen da jama'a ke shiga doka ta wajabta musu inshora. A rubuta wa hukumar kashe gobara da duba-gari na ƙaramar hukuma su zo su duba, a kuma sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa ranaku da sa'o'in da za a buɗe.

Mataki na biyu: a san adadin da wurin zai ɗauka, a kuma tsare ƙofa

A ranar 18 ga Disamba, 2024, yara 35 suka rasu a turmutsutsu a wani bikin nishaɗin yara a Ibadan, bayan an sanar cewa za a raba kyauta, jama'a kuma suka yi dafifi a ƙofa tun kafin a buɗe. Babu gobara a wurin, babu ruwa, ƙofa ce kawai da yawan mutane. Shi ya sa nake ganin babu abin da ya kai wannan mataki muhimmanci, kuma shi ne wanda masu wurare suka fi ƙi, domin ma'anarsa ita ce a daina sayar da tikiti alhali masu kuɗi suna tsaye a waje.

Ga yadda ake lissafin. A auna filin da mutane za su iya tsayawa ko zama a kai, a cire gine-gine da gadajen furanni da wurin ajiye motoci da kewayen kayan wasa. Masana cunkoso sun nuna cewa idan mutum huɗu zuwa biyar suka matsu a murabba'in mita ɗaya, mutum ba ya iya tafiya da son ransa, taron ne ke tafiya da shi, kuma yaro ƙarami a tsakiyar irin wannan matsi ba a ganinsa balle a ɗaga shi. Wurin iyali bai kamata ya kusanci wannan ba. Ni dai shawarata ita ce a ware wa kowane mutum aƙalla murabba'in mita biyu, wato filin da ya kai murabba'in mita 3,000 ya tsaya a kan mutum 1,500. Daga nan a sake duba wannan adadi da faɗin ƙofofin fita, da yawan banɗaki, da yawan ma'aikata, duk wanda ya ba da adadi mafi ƙanƙanta shi ne za a bi.

Bayan an sami adadin, sai a buga tikiti masu lamba daidai da shi. Hanya mafi sauƙi ta karɓar mutane da yawa ba tare da an wuce ƙa'ida ba ita ce raba yini kashi biyu ko uku, kowane kashi da launin tikitinsa ko abin ɗaurawa a hannu, misali na safe daga ƙarfe 10 zuwa azahar, na yamma daga bayan la'asar zuwa magariba. Mutum ɗaya a ƙofar shiga yana ƙirga masu shiga, wani a ƙofar fita yana ƙirga masu fita, suna haɗa lissafi kowane rabin sa'a.

Ƙofar shiga daban, ta fita daban, kuma kada a taɓa haɗa su ko da kuwa ma'aikata sun yi ƙaranci. Wurin sayar da tikiti ya yi nesa da ƙofar shiga da 'yan mitoci, domin a nan ne ake tsayawa neman canji ko jiran saƙon banki ya shigo, kuma layin da ya tsaya cak shi ne ake fara turawa daga baya. A ware taga ɗaya ga masu tsabar kuɗi, wata ga masu biya da kati ko tura kuɗi ta waya. A yi layin da shingen ƙarfe mai lanƙwasa, ba miƙaƙƙe ba, layin mata da yara daban da na maza, a yi masa rumfa, a ajiye ruwan sha. Mata ne za su binciki mata, kuma binciken na neman wuƙa ne da kayan maye, ba na wulaƙanta mutane ba. A buɗe ƙofa kafin lokacin da aka sanar, ba bayansa ba. Kada a yi sanarwar "mutum ɗari na farko kyauta ne," kada kuma a watsa alewa ko kuɗi cikin taron yara.

Ƙofofin gaggawa su kasance suna buɗewa zuwa waje, babu kwaɗo a jikinsu muddin akwai mutum a ciki. Idan ana tsoron masu shigowa ta bayan fage, maganinsa a tsayar da mai gadi a wurin, ba a sa sarƙa ba.

Sai batun yaran da suke zuwa su kaɗai. A yanke shekarun da ba za a bar yaro ya shiga ba sai da babba, a rubuta a bakin ƙofa, a kuma sanar a rediyo tun kafin Sallah domin kada a mayar da yara gida suna kuka. Duk ƙaramin yaro a rubuta lambar wayar wanda ya kawo shi a kan abin hannunsa. A keɓe rumfa ɗaya a tsakiyar wurin, mai tuta da ake hangowa daga nesa, inda ake kai yaron da ya ɓata, mace ce za ta zauna a wurin. Idan wani ya zo karɓar yaro, sai ya faɗi sunansa da kayan da ke jikinsa kafin a nuna masa shi, a rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa. Idan uwa ce ta zo cigiya, abu na farko shi ne a sanar da masu ƙofar fita, na biyu a duba cikin ruwa.

Mataki na uku: ruwan ninƙaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma ƙananan yara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. A wurarenmu akwai ƙarin matsala, domin yawancin waɗanda za su faɗa kwami ranar Sallah ba su iya ruwa ba, sun ga abokansu sun shiga ne kawai.

A fara da tsabtar ruwan. Ana auna abu biyu da ɗan akwatin gwaji da ake samu wurin masu sayar da kayan kwami: yawan kulorin mai aiki, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, da ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Idan pH ya haura, kulorin yana rasa ƙarfinsa ko da an zuba da yawa, idan ya yi ƙasa kuma ruwan yana cin ido da fata da ƙarfe. A auna kafin a buɗe, sannan kowace sa'a biyu, a rubuta sakamakon da lokaci da sunan wanda ya auna. Zafin rana yana cinye kulorin, haka gumi da man shafawa da ƙura, don haka ruwan da yake daidai da ƙarfe 9 na safe yana iya zama fanko da azahar. Ƙaƙƙarfan warin da mutane ke cewa "kulorin ya yi yawa" galibi alama ce ta akasin haka, wato kulorin ya haɗu da gumi da fitsari ya ƙare aikinsa.

Famfo da matacin ruwa su yi ta aiki duk lokacin da kwamin ke buɗe, kuma wannan yana nufin a sa su cikin lissafin man janareta. Ƙa'idar da ba ta buƙatar na'ura ita ce, idan mai tsaye a baki ba ya ganin murfin magudanar da ke wuri mafi zurfi, to a fitar da kowa, domin ruwan da ya ɓoye murfi zai ɓoye yaro. Shi kansa murfin a tabbatar yana nan daram da kusoshinsa, saboda ƙarfin zuƙar famfo yana iya riƙe gashi ko gefen riga.

Garin kulorin da aka fi sani da HTH da kuma asid ɗin rage pH ba sa zama ɗaki ɗaya kusa da juna, ba sa haɗa bokiti ko ludayi, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar da ke ƙona huhu. Ana zuba sinadari a cikin ruwa ne, ba a zuba ruwa a kan sinadari. Mai aikin ya sa safar hannu da tabarau da takunkumi, ɗakin ya kasance mai iska, a kulle, nesa da man fetur, kuma ba a zuba komai da hannu a kwami alhali mutane suna ciki.

Yaro zai yi bayan gida a ruwa, wannan ba sai an yi musu ba, abin da ya rage shi ne a san abin yi. A fitar da kowa nan take. Idan mai tauri ne, a kwashe shi da raga, a kai kulorin miligiram 2 a lita, pH kuma 7.5 ko ƙasa da haka, a jira rabin sa'a. Idan gudawa ce, an rufe ke nan na ranar, domin akwai ƙwayar cutar da ake kira kiriftosforidiyom wadda ke iya yin fiye da mako guda a ruwa mai kulorin na yau da kullum, kuma kashe ta yana buƙatar miligiram 20 a lita na kusan sa'a 13 a ruwan da ba a sa masa sinadarin kare kulorin daga rana ba. A sa shawa da wurin wanke ƙafa a hanyar shiga ta yadda ba a iya kauce musu, a kuma rubuta cewa mai gudawa kada ya shiga. Wanda wurinsa ke bakin dam ko tafki ya sani cewa wannan ruwa ba kwami ba ne, akwai tsargiya a irinsa, kuma zurfinsa ba ya da tabbas, gara a katange shi.

Yawan masu shiga ma yana da iyaka. Hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta Birtaniya tana fara lissafi daga murabba'in mita 3 ga kowane mutum, don haka kwami mai tsawon mita 20 da faɗin 10 bai wuce mutum 66 ba, kuma inda yawancinsu ba su iya ruwa ba sai a rage. A rubuta zurfi da manyan lambobi a gefe, a ja igiya mai balan-balan tsakanin wuri mai zurfi da marar zurfi, a hana alkafura da tsunduma da ka inda ruwa bai kai mita 1.5 ba. A kewaye kwamin da shinge mai tsayin aƙalla mita 1.2 da ƙofa ɗaya mai rufe kanta.

Mai ceto aikinsa ɗaya ne, kallon ruwa. Ba ya karɓar tikiti, ba ya riƙe wa kowa waya, tasa wayar ma tana ofis. Ma'aunin da ake koyarwa shi ne ya iya kewaye yankinsa da ido cikin daƙiƙa 10, ya kuma isa ga duk wanda ke cikinsa cikin daƙiƙa 20, idan ba zai iya ba to yankin ya yi masa girma, a ƙara mutum. A riƙa sauya su kowane rabin sa'a, domin ido yana gajiya a rana. A koya musu cewa mai nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yana kira, yana tsaye ne a ruwa, kansa a baya, bakinsa yana shiga yana fita, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya zai iya ɓacewa a tsakiyar masu wasa. Kafin a ɗauki mai ceto a gwada shi a ruwa, ya nutsa ya ɗauko abu mai nauyi daga wuri mafi zurfi, kada a yarda da "ai ni ɗan bakin kogi ne." Idan an ware wa mata lokacinsu, wanda abu ne da iyalai da yawa ke so, to sai an tanadi mata masu ceto, a kuma yi musu bayani cikin ladabi cewa dogon hijabi da zani suna nauyi a ruwa suna naɗe ƙafa, akwai kayan ninƙaya masu rufe jiki da ba su da wannan illa. Da an ji tsawa a fitar da kowa, ba a komawa sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

Mataki na huɗu: kayan wasa, wuta da gobara

Kowace safiya mutum ɗaya ya bi kayan wasa ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, ba da ido kawai ba. Ya girgiza ƙafafun lilo, ya duba sarƙa inda take cin ƙugiya, ya shafa abin zamiya ya ji ko akwai tsaga ko bakin walda, ya ɗaure kusoshin da suka saki. Ƙarƙashin duk abin da ake hawa a zuba yashi mai laushi mai kaurin kamar santimita 30, a riƙa mayar da shi inda ƙafafu suka rarake. Abin zamiya na ƙarfe a ranar bazara yana ƙona cinyar yaro, a yi masa rumfa ko a rufe shi da tsakar rana. Na'urori masu juyawa da inji sai makaniki ya duba su tun da sauran lokaci, a gwada su babu kowa, sannan da buhunan yashi, kuma mai tuƙa su ya san inda makashin gaggawa yake ko da idonsa a rufe. Abin da ya lalace a cire shi ko a kewaye shi da shinge, takardar "kada a hau" ba ta hana yaron da bai iya karatu ba.

Gidan roba da ake hurawa yara su yi tsalle a ciki ya fi yadda ake zato haɗari. Yana buƙatar turaku aƙalla shida da aka kafa sosai, kuma ba a amfani da shi idan iska ta kai gudun kilomita 38 a sa'a, wato lokacin da ƙananan bishiyoyi suka fara rangaji. Duk wanda ya san yadda hadarin farkon damina ke tasowa daga gabas ya san ba ya ba da lokaci, don haka da an ga gari ya haɗe a sauke yara a sace iskar. Kada a haɗa manyan yara da ƙanana a ciki.

Janareta ya zauna a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa ko taga, a cikin keji da yara ba sa kaiwa, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutum a rufaffen wuri. Ba a zuba masa mai yana aiki. Duk layin wutar da ya nufi kwami, ko rumfunan abinci, ko fitilun lambu, a sa masa na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta fara zurarewa, wadda masu aikin lantarki ke kira RCD, mai miliamfiya 30, a kuma danna maɓallin gwajinta kafin Sallah. Waya ba ta bin ƙasa inda ake takawa, kuma haɗin da aka naɗe da leda ba haɗi ba ne. A tanadi fitilu masu batir a hanyoyin fita, domin ɗaukewar wuta bayan magariba a wuri mai cunkoso ita kanta tana haddasa gudu.

Tukwanen kashe gobara a rataye su inda ake gani, masu allura a duba tana kan kore. Mai hoda yana aiki a kan yawancin wuta, mai iskar CO2 ya fi dacewa da kayan lantarki, mai suya kuma ya sami bargon kashe wuta, domin ruwa a kan tafasasshen mai ƙara wutar yake yi. Tukunyar gas ta tsaya a tsaye a inuwa, a gwada bututunta da ruwan sabulu.

Mataki na biyar: abinci, ruwan sha da banɗaki

Masu rumfunan abinci ba ma'aikatan wurin ba ne, amma idan yaro ya kwana yana amai sunan wurin za a kira. A yi yarjejeniya da su a rubuce. Dafaffen abinci kada ya wuce sa'a biyu a ajiye ba wuta ba sanyi, mai zafi ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, ɗanyen nama da wuƙarsa daban da gasasshe. Zoɓo da kunun aya da fura da nono su ne suka fi saurin lalacewa a zafi, a tambayi ruwan da aka haɗa su da shi da inda aka sayo ƙanƙara. Ruwan leda ya kasance mai lambar NAFDAC. A daidaita farashi da su tun farko a manna, domin baƙon da aka sayar wa ruwa ninki uku ba zai tuna kyawun furanni ba.

Banɗaki shi ne abin da mata suka fi yanke wa wuri hukunci da shi. A ba shi ma'aikaci na dindindin, na mata mace, da tankin ruwa na musamman, da butoci, da sabulu, da kwandon shara mai murfi, da fitila, da sakata mai aiki. Wurin alwala ya sami magudana da daɓe marar santsi, wurin salla na mata kuma ya zama wuri ne na gaske, ba bayan ɗakin janareta ba.

Mataki na shida: ma'aikata da gwajin gaggawa

Ma'aikatan wucin gadi da ake ɗauka domin Sallah su zo kwana biyu kafin ranar, a zagaya da su, kowa a nuna masa wurin tsayuwarsa da wanda zai kira. A ba su riga mai launi ɗaya. A tsara musu lokacin salla da cin abinci bi da bi, domin wurin da aka bari babu kowa "na minti biyar" shi ne inda abu ke faruwa. A kowane kashi na yini a sami aƙalla mutum biyu da suka sami horon agajin gaggawa, kuma ƙungiyar Red Cross tana ba da irin wannan horo. Su iya danna ƙirji sau 30 da hura numfashi sau 2, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, su kuma san cewa wanda aka tsamo daga ruwa numfashi ya fi buƙata da farko, ba a ɓata lokaci wajen matsa masa ciki don ya amayar da ruwa. Duk wanda aka farfaɗo da shi asibiti za a kai shi ko da ya ce ya warke. Ƙuna ana sa ta ƙarƙashin ruwa mai gudu na minti 20, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba manja ba. Wanda zafi ya kayar a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi masa fifita, idan hankalinsa ya gushe a garzaya da shi.

Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, a Nijar kuma 18 ce ta masu kashe gobara, 17 ta 'yan sanda, amma a ajiye mota ɗaya da direba da mai a tanki, a bakin ƙofar da ba a toshewa, a kuma san asibitin da za a nufa da hanyar da ba ta cushewa ranar hawa. Kwana ɗaya kafin Sallah a yi gwaji na gaske: a busa usur, a ɗauka yaro ya nutse, a duba agogo, sannan a ɗauka gobara ta tashi a rumfar suya, a ga minti nawa za a ɗauka kafin kowa ya isa wurin taruwa. Gwajin farko kusan kullum abin kunya ne, amfaninsa ke nan.

Mataki na bakwai: mu'amala da baƙi da ƙorafinsu

Farashin shiga da na kowane wasa a rubuta su da Hausa da manyan haruffa tun daga waje. Idan wani abu ba ya aiki a ranar, a faɗa kafin a karɓi kuɗi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai biya damar sanin farashi da samun abin da ya biya dominsa, saboda haka idan an rufe kwami saboda tsawa ko gudawa, a mayar da kuɗin ko a ba da tikitin wata rana ba tare da an sa mutum ya yi rigima ba. Manajan da ya tanadi wannan tun farko ba ya jin nauyin rufewa idan rufewar ta zama dole.

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mai ƙofa da zai ce "Hajiya, ki yi haƙuri, ciki ya cika, nan da rabin sa'a za a buɗe wa 'yan yamma, ga inuwa can" ya yi aikin da bulala ba za ta yi ba, kuma bulala a hannun mai gadi ba ta da wuri a inda aka tara yara. Mai ƙorafi a janye shi gefe, a saurare shi har ya gama, a ba shi haƙuri, a gaya masa abin da za a yi da lokacin da za a yi shi. A ba shugaban kowane sashe ikon warware ƙananan abubuwa, kamar mayar da kuɗin wasa ɗaya, ba sai an nemo manaja ba. A manna lambar WhatsApp ta ofis a ƙofar fita, a kuma sa mutum ya tambayi wasu daga masu fita abu biyu kawai: me ya fi burge ku, me ya ɓata muku rai.

Kowane dare bayan an sallami jama'a, kafin a kashe janareta, mutum biyu su zagaya da tocila, su leƙa banɗakuna da bayan rumfuna, su haska ƙasan kwami daga wannan gefe zuwa wancan, sannan a kulle shingensa. Shugabannin sassa su zauna na minti goma sha biyar da littafin nan na zagayen farko, a rubuta duk raunin da aka samu, da duk ƙorafi, da kuma abin da ya kusa faruwa bai faru ba, kamar yaron da aka cafko a bakin ruwa ko sarƙar da aka ga ta fara buɗewa. Ma'aikacin da ya kawo irin wannan labari a gode masa a gaban sauran, domin idan aka yi masa faɗa, gobe ba wanda zai faɗa. Abin da za a iya gyarawa a daren a gyara, wanda ba zai yiwu ba a cire shi daga wasannin gobe, a kuma rubuta hakan a allon bakin ƙofa kafin a buɗe taga ta farko.